Raha Mai Ƙarnin Jini: Sojojin Baka da Zargin Son Kai a Gidajen Rediyo

A ƙasar Gumel siyasa ba ta kwanciya da faɗuwar rana. Bayan sallar isha'i take cin kasuwarta, sa'ad da majalisun ƙofar gida da teburan masu shayi ke kasa kunne ga shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyon Dutse da Kano. Abin da aka faɗa da dare kuwa, kafin hantsi ya zaga wayoyi ta WhatsApp, ranar Alhamis kuma ya ci kasuwar Maigatari, ya tsallaka iyaka zuwa Nijar tare da fataken dabbobi. Ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar masarauta ɗaya ce, kujera ɗaya suke rabawa a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Saboda haka duk wanda aka yi wa shaguɓe a rediyo, akwai mai sauraron da ya san ƙofar gidansa.

Masu wannan sana'a su ake kira sojojin baka, kuma sunan kansa abin dubawa ne. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, shiri irin su Kowane Gauta ya ba talaka bakin faɗa wa mai mulki abin da a da sai a zaure ake raɗawa. Wannan riba ce da ba a raina ta. Sai dai a cikin habaici da zambo da ake sha, wani salo ya kutso kai: barazana a rigar wasa. A ce ɗan adawa in ya shigo gari zai fita da ƙafa ɗaya, ko a ce matasa sun san maganinsa, sannan a bi da dariya. In an yi ƙorafi, amsa a shirye take: ai raha ce.

Bahaushe ya san raha, ya kuma san iyakarta. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko na taubasai, yana tafiya ne bisa sharaɗi biyu: ana yin sa ido da ido, kuma wanda aka tsokana yana da bakin ramawa nan take. Ɗan kama ma a fili yake wasansa, gaban wanda yake kwaikwayo. Raha ta rediyo ta rasa sharuɗɗan nan duka biyu. Wanda ake yi da shi ba ya wurin, mai sauraro kuma ba ya ganin murmushin mai magana. Dattijo zai ji ya yi tsaki ya wuce. Saurayin da aka saya wa babur lokacin yaƙin neman zaɓe yana iya jin ta a matsayin izini. Arewa ta ga abin da fushin siyasa ke haifarwa a watan Afrilun 2011, lokacin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku bayan zaɓen shugaban ƙasa. Kuma gidan rediyon RTLM na Ruwanda, wanda ya rura wutar kisan ƙare-dangi na 1994, da kiɗa da barkwanci ya fara jan masu sauraro.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen hukunci. Kowane ɓangare yana jin zafin rahar da aka yi da gwaninsa, yana kuma kyakyata wadda aka yi da abokin hamayya. Ko a Amurka haka abin yake. A 2017 tashar CNN ta raba gari da 'yar barkwanci Kathy Griffin saboda hoton da ta ɗauka riƙe da siffar kan Donald Trump jina-jina. A Satumban 2025 tashar ABC ta dakatar da shirin dare na Jimmy Kimmel na 'yan kwanaki kan kalamansa bayan kisan Charlie Kirk, sai ga waɗanda suka daɗe suna kukan ana toshe bakin mutane suna tafi.

A nan gida zargin son kai yana da tushe, amma sau da yawa ana neman sa a inda ba ya nan. Ba lallai ne mai gabatar da shiri ya kasance ɗan wata jam'iyya ba. Mintunan da sojan baka ke magana a ciki saye ake yi, kuma mai kuɗi ya fi mintuna. Gidajen gwamnati kuwa, wanda ke biyan albashi shi ake jin tsoro, duk da cewa sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, sashe na 92 kuma ya hana kalaman zagi da tunzuri a yaƙin neman zaɓe. Manomin Gagarawa da ke da magana kan gonarsa ba shi da ubangidan da zai saya masa minti biyar.

Maganin da gwamnatoci suka fi so shi ne kulle. A watan Mayun 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye. Wannan hanya ba ta dace Jigawa ta bi ba, domin mai mulki ɓangare ne a cikin gardamar, ba zai zama alƙalinta ba. Abin da zai fara kira tunzuri shi ne sukar da ta fi yi masa ciwo. Hukumar NBC ma hannunta ya yi rauni tun da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke a Mayun 2023 cewa ba ta da hurumin cin tarar gidajen yaɗa labarai.

Nauyin ya dawo kan gidajen rediyon kansu. Edita ya bar zambo ya wuce, komai ɗacinsa, ko da gwamna aka yi wa. Amma duk jimlar da ta ambaci duka ko ƙone gida ko jini ya datse ta, ko daga bakin wa ta fito, ko nawa aka biya. A riƙa faɗa a farkon shiri wanda ya sayi lokacin. Kansilan Sule Tankarkar da aka ambata daren Litinin kuma a ba shi mintunansa na amsa daren Talata, ba tare da an miƙa masa takardar kuɗi ba.