Shanyewar Jiki Takan Yi Sallama

Akwai wani abu da ke aukuwa a gidaje da yawa wanda ba a ɗaukarsa bakin kome. Magidanci yana zaune cikin iyalinsa sai bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko kuwa ido ɗaya ya yi duhu ɗif. Kafin minti ashirin abin ya wuce. Sai a yi hamdala, wani ya ce gajiya ce, wata ta ce iska ce, a yi hayaƙi a kwanta. Alhali kuwa wannan sallama ce ta shanyewar ɓarin jiki, kuma haɗarin ya fi tsanani a kwanakin farko.

Ga waɗansu mutanen, tushen cutar yana wuyansu. Manyan jijiyoyi biyu ne ke hawa ta gefen wuya suna kai jini ƙwaƙwalwa, likitoci na kiransu karotid. Tsufa da hawan jini da ciwon sukari da shan taba sukan sa kitse ya daskare a bangonsu har hanya ta ƙuntata. In wani ɓarɓashi ko gudan jini ya ɓalle daga nan, sai ya je ya toshe ƙaramar jijiya a ka. In ya narke da wuri mutum ya miƙe, in bai narke ba shi ke nan.

Abin takaicin shi ne gano wannan ƙunci ba ya bukatar yanka ko allura. Na'urar nan ta sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, takan nuna shi, muddin tana da kan da ya dace da wuya, da kuma ƙwararren hannu. Magani kuwa yawancinsa ƙwayoyi ne: na saukar da hawan jini, na rage kitse, da na hana jini daskarewa. Amma fa kada kowa ya sayi asfirin a kyamis don kansa, domin wata shanyewar fashewar jijiya ce ke kawo ta, asfirin kuwa ƙara zubar jinin zai yi. Hoton ƙwaƙwalwa ne ke rarrabewa.

Inda ƙuncin ya kai kashi 70 cikin 100 kuma alamun sun bayyana, akan yi fiɗa a kankare jijiyar, ko a sa mata ƙaramin bututun raga. Wani babban bincike na Amurka da Kanada ya nuna a 1991 cewa cikin shekara 2 kashi 26 na masu shan magani kaɗai sun shanye, waɗanda aka yi wa fiɗa kuwa kashi 9 ne. Amfanin aikin ya fi yawa in an yi shi cikin mako 2.

To, mako 2 ɗin nan shi ne hujja a kan ma'aikatun lafiya na jihohi. Ba a ce a tara masu lafiya a yi ta duba wuyansu ba. Wannan ɓarnar dukiya ce, gara a kashe kuɗin wajen awon hawan jini, wanda shi ne uban tafiyar shanyewa a ƙasar nan. Abin da ake nema shi ne malamin asibitin ƙauye ya san alamun, ya rubuta takardar turawa a ranar, kuma babban asibitin da aka tura mutum ya duba wuyansa kafin a ce ya dawo wata mai zuwa.