Bel mai kaurin 10 ko mai 13? Zare ga 'yan ɗaga ƙarfe

1/
Jiya a jim wani ƙanena ya nuna min hoton bel a waya, wai oda zai yi, mai kaurin milimita 13. Na ce nawa ne nauyinka? Ya ce kilo 64. Wata nawa da fara ɗaga ƙarfe? Ya ce bakwai. Na ce ƙanena, ajiye wayar nan tukuna mu yi magana. Abin da na gaya masa ne zan zuba muku a zaren nan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

2/
Ga matsayata tun yanzu, saboda masu gudun dogon karatu: in ba gasa kake shiga ba, kuma ba ƙaton mutum ba ne kai, mai 10 za ka saya. Mai 13 ba aji na gaba ba ne da ake shiga in an ci jarabawa. Kayan aiki ne na wasu mutane masu wani irin jiki, kuma yawancinmu ba ma cikinsu.

3/
Ni ma na taɓa faɗawa ramin nan, shi ya sa nake da bakin magana. Na ga manya a Instagram suna ɗaure mai 13, na tara kuɗi na saya. Ranar farko kamar na ɗaura katako a ciki. In na tsuguna ya soki haƙarƙarina ta sama, ya ciji ƙashin ƙuguna ta ƙasa. Da daddare na cire riga na ga shatin jini ya kwanta a gefe biyu. Na yi ta lallashin kaina wai zai yi laushi. Wata uku ina fama, ƙarshe sai na lura na fara tsallake ranar skwat don kawai kar in ɗaura shi. Na sayar da asara.

4/
Kafin maganar kauri, sai mun fahimci aikin bel ɗin, don a nan ake tafka kuskure. Da yawa sun ɗauka bel tallafe baya yake yi, kamar karan ɗori. A'a. Kai ne kake jan numfashi zuwa ciki, ka riƙe, ka ƙanƙame tsokar ciki, ka tura ta waje ta ko'ina, gaba da gefe da baya. Bel bango ne da cikin zai tura. Matsin da ke taruwa a cikin cikinka shi ke sa gangar jiki ta tsaya ƙyam a ƙarƙashin ƙarfe.

5/
Ku duba ƙafar mashin. Tub ne ke riƙe iska, taya ce ke hana shi bajewa. Ko tayar tirela ka sa, in ba iska, a ƙasa take kwance. To wanda bai iya cika cikinsa da iska ya riƙe ba, ko bel mai kaurin bulo ya ɗaura, ado ne kawai.

6/
Yanzu ga lissafin da ya sa na bar mai 13, kuma ban cika jin ana faɗarsa ba. Abu biyu kauri ke ƙarawa fata: ƙin miƙewa in an ja ta, da ƙin lanƙwasa in an tanƙwara ta. Na farkon shi muke so. Na biyun shi ke cizo.

A ƙa'idar injiniyoyi, in fatar iri ɗaya ce, ƙin miƙewa yana tafiya ne daidai da kauri. Daga 10 zuwa 13 ka samu ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari. Amma ƙin lanƙwasa yana tafiya da kauri sau kauri sau kauri. Buga 1.3 × 1.3 × 1.3 a wayarka, za ka ga kusan 2.2.

7/
Ka gane? Amfanin ya ƙaru da ƙasa da sulusi, taurin da ke sukar haƙarƙari ya ninka biyu har da ɗoriya. Kuma tsakani da Allah, fata mai kyau mai kaurin 10, wa ke miƙar da ita a cikinmu? Cikin wa? Kana biyan kuɗi da zafin jiki don maganin matsalar da ba ka da ita.

8/
To daga ina ma lambar 13 ta fito? Daga dokar gasa. Hukumar IPF, babbar hukumar duniya ta gasar skwat da benci da dedlif, ta ce bel kar ya wuce santimita 10 a faɗi, kar ya wuce milimita 13 a kauri. Iyaka ce aka sa, kamfanoni suka ƙera har bakin iyakar, mu kuma muka ɗauka umarni ne. Irin su SBD da Inzer da ake ta yayi, duk suna yin mai 10 ma, ba 13 kaɗai ba.

9/
Kar a ce na ɓata mai 13 gaba ɗaya, yana da mutanensa. Mutum mai faɗin gangar jiki, mai nama a ciki da zai tare cizon, wanda ya shekara da shekaru yana ɗagawa, yana skwat da nauyin da ya ninka jikinsa biyu ko fiye, yana shirin hawa dandalin gasa. Irin wannan in ya ce min yana jin mai 10 na ba da kai a ƙasan skwat, ba zan musa masa ba. Ya saya, Allah ya sa albarka.

10/
Amma mu daina auna kanmu da Eddie Hall. Mutumin da ya ja kilo 500 a 2016, shi kansa a lokacin ya haura kilo 170. Cikinsa kaɗai ya yi biyun ƙanen nan nawa. In kuma misali ake so daga ɗaya ɓangaren, Konstantin Konstantinovs ɗan ƙasar Latbiya ya ja kilo 426 babu bel ko kaɗan. Ban ce ku kwaikwaye shi ba fa. Nufina ƙarfin a jiki yake zaune.

11/
Wani abin da ya fi kauri muhimmanci kuma ba a tambaya: faɗi. Taɓa ƙarshen haƙarƙarinka ta gefe, ka taɓa saman ƙashin ƙugu. Tazarar da ke tsakani nan ne gidan bel. In yatsu huɗu ba sa shiga sosai, mai faɗin santimita 10 zai dame ka ko da mai 10 ne a kauri, musamman a dedlif inda ake duƙawa. Akwai mai faɗin inci 3, wajen santimita 7 da rabi. Gajeru da 'yan'uwa mata masu ɗaga ƙarfe, ku duba wannan kafin komai.

12/
Masu ɗagawa irin ta Olamfik kuwa, wadda ake fizgo ƙarfe daga ƙasa zuwa saman kai, ku lura da bel ɗinsu. Siriri ne, sau da yawa mai faɗi a baya da tsukewa a gaba, ko na yadi mai Velcro, saboda sandar na bin jikin ciki kuma suna nutsewa can ƙasa da sauri. In irin wannan kake yi, ko 10 ɗin ma yana iya yi maka yawa.

13/
Sai kan bel. Akwai mai harshe irin na bel ɗin wando, ɗaya ko biyu, akwai mai liba da ake danna shi ya kulle ƙas. Liba akwai daɗi, akwai burgewa a bidiyo. Amma yawancinsu in kana son sauya rami sai ka nemo sukudireba ka kwance noti. Mu da cikinmu na azumi daban, na bayan babbar sallah daban, na safe kafin koko da ƙosai daban? Mai harshe ɗaya ya fi mana sauƙi, kuma ya fi araha. Mai harshe biyu wahala ce kawai wajen cirewa bayan ka gaji.

14/
Awo: kar ka yi oda da lambar wandonka. Wando a ƙugu yake zama, bel ɗin ƙarfe a saitin cibiya. Ari tef ɗin tela ka auna nan, ba tare da ka shanye ciki ba, sannan ka zaɓi wanda awonka ya faɗa ramukan tsakiya. In ka ɗaura, ya kama amma ka iya cusa yatsu, ka iya jan iska ka tura. In idonka na neman fitowa tun ba ka taɓa ƙarfe ba, ka matse da yawa.

15/
A kula da masu arha da ake rubuta musu 13. Kauri ba ya nufin inganci. Wani siririyar fata ce aka cusa wa soso ko wani tarkace a tsakiya aka ɗinke. Duba gefensa, ka lanƙwasa shi, ka ja. Fata ta gaske mai 10 ta fi irin wannan nesa ba kusa ba.

16/
Maganar lafiya, don Allah a karanta wannan. Bel ba laya ba ne. A shekarar 2000 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani babban bincike kan dubban ma'aikatan shagunan Wal-Mart a Amurka masu ɗaukar kaya, ba a ga bel ya rage musu ciwon baya ba. Gaskiya nasu na roba ne mai miƙewa, ba irin namu na fata ba, amma darasin ya shafe mu: in bayanka na lanƙwashewa kamar na kyanwa a dedlif, rage nauyi ka gyara tsayuwa. Ƙarin milimita uku ba zai cece ka ba.

17/
Sannan riƙe numfashi da yunƙuri yana ɗaga hawan jini sosai a wannan lokacin. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai gwaiwa ko wanda aka yi wa aiki a ciki, ya ga likita kafin ya fara wannan harkar. Ba wasa nake ba.

18/
Kuma a daina yawo da shi tun daga ƙofar jim har a tashi. Malam, kana murza damtse a gaban madubi da kilo 10, me bel yake maka? 😂 Ba ya rage tumbi, wallahi ba ya ragewa. Yi ɗumin jiki babu shi, ka ɗaura in ka zo saiti masu nauyi na skwat, dedlif, ko tura ƙarfe sama a tsaye, ka kwance in ka gama.

19/
Wani ya tambaye ni ko baduku zai iya ɗinka masa. Me zai hana? Kano garin fata ce, ga dukawa nan a Kurmi da Ƙofar Wambai. Sai dai ka ce masa kirgi kake so, na sa. Fatar akuya da muka yi suna da ita laushi gare ta, ta jaka ce da takalmi, miƙewa za ta yi. Ka ba shi awo a rubuce: faɗi ɗaya daga farko har ƙarshe, kauri wajen 10, ramuka kusa da juna, kai na ƙarfe mai ƙwari, don nan ne ya fi saurin cin amana. In gasa za ka shiga kuwa, fara tambayar masu shiryawa ko suna karɓar ɗinkin gida.

20/
In ka samu naka, bayan atisaye ka shanya shi a inuwa, kar ka cusa shi a jaka da gumi, kar ka bar shi a rana ko cikin but. Lokacin hunturu ka ɗan shafa masa mai kaɗan don kar ya tsage.

Ƙanen nawa dai mun yi da shi zai ƙara wata biyu yana koyon riƙe iska babu bel, sannan in ara masa nawa mai 10 ya gwada sati guda kafin ya taɓa kuɗinsa. Ya ce in ya ji daɗinsa ba zai dawo min da shi ba. Za mu gani.