Tatsuniyar da Kowa ke da Baki a Cikinta

A birnin Chicago na Amurka an yi wata malama, Viola Spolin, wadda ta riƙa koya wa 'ya'yan baƙi wasan kwaikwayo ba tare da rubutaccen labari ba. 'Yan wasanni ta ƙirƙiro masu sa yaro ya saurari ɗan'uwansa ya mayar da amsa nan take, ta kuma tattara su a littafi a 1963. Ɗanta Paul Sills na cikin waɗanda suka kafa gidan barkwanci na Second City a 1959. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce, duk abin da abokin wasanka ya kawo, ka karɓa ka ɗora a kai. In ya ce kwalekwalenku na yoyo, ba ka musa masa, sai ka hau kwarfe ruwa.

A 1974 kuma Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Mutum biyar ko shida ne ke kewaye tebur, ɗaya ya shimfiɗa labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani a cikinsa. In ɗan wasa ya ce zai tsallake rami, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20, ita za ta nuna ko ya tsallake ko ya faɗa. Daga baya fannonin biyu suka haɗu, kamar a shirin Dimension 20 da Brennan Lee Mulligan ya soma jagoranta a 2018 tare da 'yan barkwanci. Tebur ya ba su tsari da bin layi, su kuma suka kawo saurare da saurin baki.

Mu a cikin badala ba baiwa muka rasa ba. Daga goma ga azumi yara ke cika lunguna da tashe, Nalako na bin gwagware, ga 'yan kama da ke juya karatu ya koma zancen tuwo, ga wasan gauta na matan fada. Sai dai tashe na shekara-shekara ne, kuma mai baki ne ke jan gaba. Tatsuniya kuwa mutum ɗaya ke yin ta, saura nasu "ta zo mu ji ta". Yaron nan mai kunya da ke rakuɓe a bayan sahu, shi nake tunawa, domin a wancan teburin dole layi ya zo kansa, kuma ba mai ture abin da ya faɗa.

Ba sai mun aro dodannin labaransu ba. A samu zaure a unguwar Madigawa ranar Alhamis, malami ko yaya ya zauna da yara shida, babu ko sisi a tsakani don kada iyaye su zaci caca ce. Ayari ya tashi daga kasuwar Kurmi zuwa Gwanja sayen goro: wannan madugu, wancan jagaba, ga uban dawaki. Sai mai labari ya ce, "Kun iso bakin Kwara, ruwa ya cika, ga jakuna arba'in da kaya. Jagaba, yaya za a yi?" Ya yi shiru, ya jira yaron.