Ribar fim ɗin Black Panther: Ina rabon Afirka?

A watan Fabrairun shekara ta 2018 ne kamfanin Marvel, mallakar Disney, ya fitar da fim ɗin Black Panther, wanda ya tara kimanin dalar Amurka biliyan 1 da miliyan 350 a gidajen sinima na duniya, bayan an kashe kusan dala miliyan 200 wajen shirya shi.

Wannan ciniki ya girgiza wata tsohuwar fahimta da ta daɗe a masana'antar fina-finai ta Hollywood, cewa fim mai tsada da baƙaƙen fata suka mamaye ba zai samu kasuwa a wajen Amurka ba.

Sai dai idan aka bi diddigin inda aka kashe kuɗin, da kuma inda aka samo ribar, za a ga cewa nahiyar Afirka, wadda aka gina labarin a kanta, ita ce ta fi samun ƙaramin kaso.

Daga takarda zuwa allon sinima

Shi dai jarumin da ake kira Black Panther ya fara bayyana ne a shekara ta 1966, a cikin mujallar labarai masu zane-zane ta Fantastic Four. Marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby ne suka ƙirƙiro shi a matsayin T'Challa, sarkin wata ƙasar Afirka ta ƙage mai suna Wakanda, wadda Turawan mulkin mallaka ba su taɓa cin ta da yaƙi ba.

Tun a shekara ta 1992 ɗan wasa Wesley Snipes ya bayyana aniyarsa ta mayar da labarin fim, amma haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba. Shi kansa kamfanin Marvel ya faɗa cikin fatara a shekara ta 1996, abin da ya sa ya riƙa sayar wa wasu kamfanoni izinin yin fim da fitattun jarumansa.

Al'amura sun sauya ne bayan da kamfanin ya fara shirya fina-finansa da kansa da Iron Man a shekara ta 2008, kana Disney ya saye shi a shekara ta 2009 a kan kimanin dala biliyan 4.

Kafin a ba Black Panther fim nasa na kansa, sai da aka gabatar da shi ga 'yan kallo a fim ɗin Captain America: Civil War na shekara ta 2016, inda Chadwick Boseman ya fito a matsayin T'Challa. Daga nan aka damƙa aikin ga Ryan Coogler, matashin darakta baƙar fata da a lokacin fina-finai biyu kacal ya shirya.

Abin da aka aro daga Afirka

Masu shirya fim ɗin sun ɗebo abubuwa da dama daga nahiyar. Harshen Xhosa na Afirka ta Kudu ne aka mayar harshen mutanen Wakanda, yayin da mai tsara tufafi Ruth Carter ta yi koyi da suturar Masai da Zulu da Abzinawa, da kuma bargunan mutanen Lesotho.

Mai tsara kiɗan fim ɗin, Ludwig Göransson ɗan ƙasar Suwidin, ya je Senegal inda ya yi aiki da mawaƙi Baaba Maal, ya kuma yi amfani da ƙaramar gangar nan mai kama da kalangu.

Akwai ma wani ɓangare a farkon fim ɗin da aka nuna cewa yana faruwa ne a dajin Sambisa na Najeriya, inda ake kuɓutar da wasu mata daga hannun 'yan bindiga, abin da ya tuna wa masu kallo sace 'yan matan Chibok a shekara ta 2014.

Amma kuma kusan dukkan aikin ɗaukar fim ɗin an yi shi ne a birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka, da birnin Busan na Koriya ta Kudu. Jihar Jojiya tana bai wa masu shirya fina-finai rangwamen haraji da kan kai kashi 30 cikin 100, kuma ƙungiyar manyan kamfanonin fina-finan Amurka ta ce an kashe kusan dala miliyan 84 a jihar a kan wannan fim kaɗai.

Yadda aka tallata shi

Disney ya saki somin-taɓin fim ɗin ne a watan Yunin 2017, a lokacin wasannin ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta NBA. An kuma ɗora wa mawaƙi Kendrick Lamar alhakin haɗa faifan waƙoƙi na musamman, wanda ya hau matsayi na ɗaya a jerin faya-fayen da suka fi kasuwa a Amurka.

Lokacin da aka zaɓa ma yana da muhimmanci, domin Fabrairu shi ne watan tunawa da tarihin baƙaƙen fata a Amurka.

To amma babbar tallar, jama'a ne suka yi ta da kansu. Majami'u da makarantu da ƙungiyoyi sun riƙa kama ɗakunan sinima sukutum, an kuma yi ta tara kuɗi ta intanet domin saya wa yaran marasa galihu tikiti. Mutane da dama sun je kallo sanye da kayan gargajiyar Afirka, suna yaɗa hotunansu a Facebook da Twitter.

Sakamakon haka fim ɗin ya tara dala miliyan 202 cikin kwanaki ukun farko a arewacin Amurka, inda ƙididdiga ta nuna cewa kashi 37 cikin 100 na 'yan kallon baƙaƙen fata ne.

Inda kuɗin suka fito

Daga cikin jimillar cinikin, dala miliyan 700 sun fito ne daga Amurka da Kanada, wato fiye da rabi. Wannan ya saɓa wa abin da aka saba gani a manyan fina-finan Marvel, waɗanda galibi suka fi samun kuɗi a ƙetare.

Duk da haka, kimanin dala miliyan 650 da aka samu a sauran ƙasashe, ciki har da sama da miliyan 100 a ƙasar Sin, sun isa su ƙaryata masu cewa irin wannan fim ba ya tsallaka teku. Shi ne kuma fim na farko da aka nuna a birnin Riyad a watan Afrilun 2018, bayan da Saudiyya ta ɗage haramcin gidajen sinima na kimanin shekaru 35.

A shekara ta 2019 ya lashe lambobin yabo na Oscar guda 3, ya kuma zama fim na farko na jaruman littattafan zane masu ƙarfi na ban mamaki da ya shiga takarar gwarzon fim na shekara.

A Afirka kuwa, duk da cincirindon da aka yi a Legas da Nairobi da Johannesburg, abin da aka tara bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta. Dalili shi ne ƙarancin wuraren kallo. Wani rahoto da hukumar UNESCO ta fitar a shekara ta 2021 ya nuna cewa allon sinima ɗaya ne ga kowane mutum kimanin 787,000 a nahiyar.

Bayan rasuwar Boseman

Chadwick Boseman ya rasu a watan Agustan 2020 yana da shekaru 43, sakamakon cutar sankarar hanji. Marvel ya yanke shawarar ba zai ba wani matsayinsa ba, don haka aka sake rubuta kashi na biyu, Wakanda Forever, wanda ya fito a watan Nuwamban 2022 ya kuma tara kimanin dala miliyan 859.

A wannan karo Disney ya ƙara matsowa kusa da nahiyar. An yi bikin ƙaddamar da fim ɗin a Legas, an kuma saka mawaƙan Najeriya irin su Tems da Burna Boy da Rema a faifan waƙoƙinsa.

Fim ɗin ya zama na farko da ya tara sama da naira biliyan 1 a gidajen sinima na Najeriya da sauran ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da Turanci. Amma a canjin kuɗi na hukuma a wancan lokaci, wannan adadi bai kai dala miliyan 3 ba.

Tun daga lokacin kasuwar irin waɗannan fina-finai ta fara tangal-tangal. Fim ɗin The Marvels na shekara ta 2023 ya tara kimanin dala miliyan 206 ne kawai, kuma shugabannin Disney sun ce za su rage yawan fina-finan da Marvel ke fitarwa.

A shekara ta 2024 ɗan wasa Denzel Washington ya ce Ryan Coogler na rubuta masa rawar da zai taka a kashi na uku. Abin da masu shirya fina-finai a Afirka za su zuba ido su gani shi ne ko za a kawo wani ɓangare na aikin ɗaukar fim ɗin nahiyar, tunda a nan ne ake samun ayyukan yi da horar da ma'aikata, ko kuwa za a ci gaba da gina Wakanda a Atlanta.