Wa Ya Ci Kofin 1978?

Akwai wata makaranta a birnin Kano wadda ba ta da rajista, ba ta da shugaba, ba ta kuma taɓa shiga yajin aiki ba. Ajinta benci ne da allon talabijin da janareta mai tari, kuma tana da reshe a kowace unguwa, daga Kurna zuwa Sheka, daga Fagge zuwa Ɗorayi. Gidan kallon ƙwallo nake nufi. Mai karatu zai ce ai kallo ake zuwa yi, ba karatu ba. To amma kallon minti casa'in ne kacal. Abin da ke biyo bayansa, wato musu, shi ne ke cin sauran mako: a teburin mai shayi, a cikin a-daidaita-sahu, a bakin rumfa a Kwari, har a ƙofar ɗakin lacca kafin malami ya shigo.

Ban yarda da masu cewa wannan musu shirme ne zalla ba. Duk wanda ya tsaya ya saurara da kunnen basira zai ji cewa yana da ƙa'idoji. Ba a yarda da magana sai da shekara, da sunan fili, da wanda ya zura ƙwallon. Wanda ya kawo labari ba madogara, nan take za a ce masa ya buɗe waya ya nuna. Yaron da ke kasa riƙe shekarar da Turawa suka ci Kano zai zayyana maka, ba gargada, yadda Liverpool ta farke ƙwallo uku a hannun AC Milan a Istanbul a 2005, da yadda Kanu ya zura wa Chelsea uku shi kaɗai a 1999. Wannan haddace ce da tantance ruwaya, abubuwan da muke shan wahalar koyarwa a jami'a, ga su ana yi a kan benci, da son rai, har ana biyan kuɗin shiga.

Damuwata tana ga abin da makarantar ke karantawa. Jarraba wannan tambayar a kowane gidan kallo: wasa nawa Arsenal ta jera ba a doke ta ba a gasar Firimiya? Kafin ka rufe baki za a ce 49, daga Mayun 2003 zuwa Oktoban 2004, a ƙara maka da cewa Manchester United ce ta karya lagon. Sai ka sake tambaya: wace ƙungiya ce ta ci gasar Najeriya a 1978? A nan za ka ji benci ya yi tsit, sai fa in an yi dace da wani dattijo a gefe. Amsar kuwa ita ce Raccah Rovers, ta nan cikin garin Kano, shekara goma sha biyu kafin a haifi Kano Pillars.

Ita Pillars ɗin ma, da ake yi wa kirari da Sai Masu Gida, abin da aka sani nata bai taka kara ya karya ba idan aka auna da abin da ta yi. An kafa ta a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Ta ci gasar ƙasa a 2008, sannan ta jera uku a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali kofin yana hannun Al Ahly ɗin: aka yi ɗaya da ɗaya a Najeriya, aka yi biyu da biyu a Alƙahira, ƙwallayen waje suka raba gardama. Ta kai zagayen kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Sannan ga abin da ya fi ba ni mamaki: a shekarar da Arsenal ta fara jerin nan nata, wato 2003, a cikinta ne aka yi wa Pillars cin ƙarshe a gida a wasan gasa, ba a sake ba sai a Agustan 2015, da Nasarawa United ta zo ta ci biyu da ɗaya. Shekara goma sha biyu ke nan. Na san masu sharhi za su ɗaga gira, su ce ai kowa ya san yadda alƙalan wasa ke tausaya wa mai masauki a gasarmu. Madalla, wannan ma abin musu ne, kuma irin musun da nake so in ji ana yi ke nan. Amma ba a musu a kan abin da ba a sani ba.

Sauƙin abin shi ne a ɗora wa matasa laifi, a ce sun raina na gida, idonsu ya koma Turai. Ni ban ga laifinsu sosai ba. Musu da hujja yake rayuwa, kamar yadda wuta ke rayuwa da itace. Turawa sun tanadi itacen: kowane wasa an ɗauke shi, kowace ƙwallo an rubuta mintinta, kowane ɗan wasa an ƙirga sau nawa ya buga. Yaro na danna waya sai hujja ta fito. Wanda ya so ya kafa hujja da wasan Raccah kuwa, sai dai ya ce "in ji kawuna". A majalisar da ake cewa a buɗe waya, "in ji kawuna" ba ta cin kasuwa. Saboda haka ɗan Kano yana musun Landan ne don a can aka ajiye masa abin musu.

Abin sha'awa, 'yan dambe sun riga 'yan ƙwallo gano bakin zaren, ba tare da alƙalami ba. Ka duba yadda suke raɗa suna: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Dogon wane. Kowane suna silsila ne, yana gaya maka a hannun wa ɗan wasa ya tashi. Ga ɓangarori, Kudu da Arewa da Jamus da Guramaɗa, kowa ya san gidansa. Ga kuma makaɗa, waɗanda su ne ma'ajiyar tarihin fagen. Yau shekaru da yawa da Shago ya daina ɗaure hannu, amma wanda bai taɓa taka gidan dambe ba ma ya san sunansa, domin Ɗan Anace ya sa shi a waƙa. Dambe ya zo da marubutansa a cikin kalangu. Ƙwallon ƙafa baƙuwa ce, ta zo da al'adar rubutu da ƙididdiga, mu kuma muka karɓi wasan muka bar rubutun a tasha.

Wani zai ce to sai me, in an manta wanda ya ci kofi shekara arba'in da wani abu da suka wuce? Asarar ta fi ƙarfin kacici-kacici. Abin da ke sa mutum ya sayi tikiti, ya sayi riga, ya ɗauki ɗansa ya kai shi fili, labari ne: a nan kakanka ya zauna, a ragar can aka ci Al Ahly. Ƙungiyar da ba ta da labari a bakin mutane, sai ta dogara ga baitulmalin gwamnati har abada, ranar da aka ci ta kuma sai magoya baya su rasa abin riƙewa sai dutse. Mun ga haka a 2022, lokacin da aka zabtare wa Pillars maki saboda tarzomar 'yan kallo, ta kuma faɗa rukuni na biyu a ƙarshen kakar, kafin ta dawo a 2023. Wannan ma tarihi ne, kuma ya kamata a rubuta shi yadda ya faru, kusa da na kofin ƙalubale da ta ci a Kaduna a 2019, da ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti.

Shi kansa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya ga abin da ya isa littafi. An buga gasar matasa ta duniya a cikinsa a 1999, da gasar cin kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A cikinsa Ahmed Musa ya yi tashen da ya kai shi ga ƙwallo 18 a kaka guda, kafin ya tafi Holan, kafin ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya zura wa Iceland biyu a 2018. A cikinsa Rabi'u Ali ya tsufa yana murza leda, har 'ya'yan waɗanda suka fara yi masa tafi suka zo suna yi masa.

Aikin ba na hukuma kaɗai ba ne, kuma a nan dole in juyo da yatsa gida. Kowace shekara ɗalibanmu na sassan tarihi da Hausa da aikin jarida suna rubuta kundin kammala digiri, da yawansu a kan batutuwan da aka tatse har suka bushe. Ga tsofaffin jaridu, New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, suna kwance a ma'ajiyoyin Kaduna da shafukan wasanninsu. Ga dattawan da suka buga ko suka kalli wasannin shekarun 1970, wasunsu na nan da ransu, suna zaune a ƙofar gida, ba wanda ya taɓa zuwa musu da rikoda. Ɗalibi guda zai iya ɗaukar kaka guda, ya fito da jerin wasanninta da sakamakonsu da sunayen 'yan wasa. Cikin shekara biyar sashe ɗaya zai tara abin da zai ishi gidajen rediyonmu, masu yawan shirye-shiryen wasanni da kiran waya, su riƙa jefa tambaya ɗaya ta gida a cikin kowace biyar ta Turai. Katin waya na kyauta da ake ba wanda ya faɗi shekarar da Chelsea ta fara cin kofin zakarun Turai, a gwada ba da shi ga wanda ya kawo sunan golan Raccah na 1978. Ina da yaƙinin a daren nan za a ga samari suna sallama a zaurukan kakanninsu.