Kafin Ka Sayi Allurar Ƙyanƙyasa, Sayi Ma'aunin Zafin Ruwa

Jama'a, duk shekara da sanyi ya shigo sai ka ji masu ƙyanƙyasar tarwada a Dutsin-Ma da Kurfi suna cewa allura ce jabu. A ganina yawanci ba allura ba ce. Ruwa ne da kitse.

A dawa, tarwada da damina take haihuwa. Tana son ruwa mai ɗumin digiri 27 zuwa 30, kuma a haka ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin kusan awa 24. Amma a Disamba da Janairu, ruwan tankin da ya kwana a waje sanyi ƙalau yake da asuba. Ƙwan sai ya yi jinkiri, ya yi fari, ya ruɓe. Ko Ovaprim ka yi wa uwar, sanyi yana tsawaita lokacin matse ƙwai. Wanda ya bi agogo kawai, ɗanye zai matse.

Sai kitse. Uwa ba kifin kasuwa ba ce. Ka cika ta da hanjin kaji, ciki ya yi tulu, ka ɗauka ƙwai ne, ashe kitse ne. Amma kar ka bar ta da yunwa: 'ya'yan da suka fito, kusan kwana 3 gwaiduwar jikinsu suke ci, kuma daga abincin uwa ta samu. Ba ta abinci mai gina jiki, daidai gwargwado.

Sabon shiga, idan ba ka da hanyar ɗumama ruwa a ɗaki rufaffe, ka haƙura sai zafi ya dawo a Maris. Kuɗin allura da uwa ba sa dawowa.