Kafin a Tara Kuɗin Starlink, a Fara Ɗaga Eriya Sama

A ƙauyuka da yawa kowa ya san inda sabis yake: kan tudu, gindin wata bishiya, ko saman soro. Mai POS yakan ɗaga na'urarsa sama yana jiran kuɗi su shiga, ɗalibi kuma ya fita bayan gari don duba sakamakon JAMB. Idan aka gaji, sai a ɗora wa kamfani laifi, a sauya layi, ko a fara tara kuɗin Starlink. Sau da yawa wannan gaggawa asara take jawowa, domin gyaran yana cikin gidan.

Tun da sabis yana kamawa a kan tudu, to yana isowa garin. Rufin kwano da katanga mai kauri ne ke tare shi kafin ya shiga ɗaki. Saboda haka matakin farko shi ne awo. Sandunan da ke saman waya ba abin dogaro ba ne. A wayar Android, a shiga Settings, sannan About phone, a nemi SIM status, za a ga ƙarfin sabis da lambar dBm. Gwargwadon kusancinta da sifili, gwargwadon kyawunsa: -85 sabis ne mai kyau, -110 kuwa da ƙyar. A gwada MTN da Airtel da Glo a tsakar gida da saman rufi, da safe da kuma dare. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Idan sama ta fi, abin saye shi ne rauta ta 4G mai wurin ɗaura eriyar waje. A kafa eriyar a dogon ƙarfe, a fuskantar da ita wajen turken sabis mafi kusa. Wayar eriya kada ta yi tsawo, domin sabis yana raguwa a cikinta. A kuma haɗa ƙarfen da ƙasa saboda tsawar damina.

Babban gida mai sassa da yawa kuwa, rauta ɗaya ba za ta wadatar da shi ba. Wi-Fi na 5GHz ya fi gudu, amma na 2.4GHz ya fi ratsa bango. Abin da ya fi duka shi ne a ja kebul na Ethernet zuwa wani sashen, a sa rauta ta biyu. Kebul ɗin yana kai mita 100 lafiya lau.

Sai batun wuta. Rauta ba ta cin fiye da wat 10 zuwa 15, don haka ƙaramin sola da batir za su riƙe ta dare da rana. Intanet da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta bai amsa sunansa ba.

A guji busta da ake tallatawa a kasuwa. Hukumar NCC ta hana amfani da ita ba tare da izini ba, kuma tana iya dagula sabis ɗin maƙwabta.

Masu goyon bayan Starlink suna da hujja. Tun da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ya kai intanet wuraren da babu turke ko ɗaya, kuma a irin waɗannan wurare ba shi da abokin takara. Sai dai kuɗin na'urarsa da na wata-wata sun fi ƙarfin yawancin gidajen karkara, yana cin wuta ninkin rauta sau da yawa, kuma ruwan sama mai ƙarfi yakan taɓa shi.

Ga data ma ta yi tsada tun bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Wanda ke sayen ta da guminsa bai kamata ta ƙare masa wa'adi yana jiran shafi ya buɗe ba. A auna tukuna, a ɗaga eriya, a ja kebul, a tanadi batir. Idan duk waɗannan sun gaza, sannan a ɗaga kai a dubi tauraron ɗan'adam.